Ina son ajiye aikin ofis in koma karatun likitan dabbobi, amma hankalina ba ya zama wuri ɗaya

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya kai ni maƙura.

Shekarata 31. Bara likitan ƙwaƙwalwa ya tabbatar min ina da ADHD, lalurar da ke hana mutum tattara hankalinsa a kan abu ɗaya. Da ya fara tambayata yadda yarintata ta kasance sai kuka ya ƙwace min. Tun ina firamare abin da ake rubuta min a katin sakamako ɗaya ne: tana da ƙwaƙwalwa amma ba ta mai da hankali. Kujerata tana kusa da taga. Malami na bayani, ni ina kallon ƙadangare a jikin katanga yana gyaɗa kai, sai in ji an kira sunana ajin ya fashe da dariya. Na sha duka a kan aikin gida da na yi da hannuna amma na manta shi a ƙarƙashin filo. Ni ce mai ɓatar da biro, mai ɓatar da makulli, mai zuwa a makare ko da ni na riga kowa tashi. Amma ranar jarrabawa in ci, domin a daren nake kwana in haɗiye littafin gaba ɗaya. Wannan dabara ta kai ni har jami'a, a can ta daina aiki. Ina karatun haɗa magunguna, na kai aji uku, na bari. Ba zan shiga dalilin ba yanzu.

Yanzu ina aiki a wani ofis, shigar da lambobin rasidai a kwamfuta. Tebur kusa da tebur, waya na ƙara, firinta na kuka. In fara layi, wani ya yi tari, in dawo ban san inda na tsaya ba. An ba ni takardar gargaɗi a kan kurakurai, kuma oga ya ce yana son ganina. Ba su san da lalurar ba.

Abin da raina ke so tun ina ƙarama dabbobi ne. Ranakun hutu ina zuwa wani asibitin dabbobi ina taimakawa kyauta. In riƙe dabba a yi mata allura, in wanke rauni, in auna nauyi. A can ban taɓa duba agogo ba. Likitan ya ce ina da hannu.

Shin in ajiye aikin in koma makaranta? In gaya wa oga gaskiya? Akwai wanda ya koma karatu bayan talatin da irin wannan kan namu ya gama?

Tsohon injiniya:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni ma ina da ADHD, sai da na haura arba'in aka gano, don haka saurare ni da kyau. Kada ki gaya wa oga. Kada ki ajiye aiki. Kada ki saki reshe ki kama ganye.

Karatun likitan dabbobi shekara biyar ne ko shida a wurare da yawa, kuma hadda ce zalla. Likitan mutane jikin halitta ɗaya yake haddacewa. Ke za ki haddace na saniya, na doki, na kare, na kaza, kowanne da cikinsa da cutarsa da adadin maganinsa. Ilimin magungunan da kika gudu kika bari yana can yana jiranki. Hanyar irinmu kwamfuta ce. Wani mutumin Denmark, Thorkil Sonne, ya kafa kamfanin Specialisterne a 2004 bayan an gano ɗansa yana da otizim, lalurar da ke shafar yadda mutum ke mu'amala da mutane, ya riƙa ɗaukar irinsu suna gwajin manhaja. Kamfanin manhaja na SAP ya buɗe nasa shirin ɗaukar irinsu aiki a 2013, Microsoft a 2015. Duniya ta riga ta gane cewa kanmu yana da kasuwa a wannan fannin. Ki koyi gwajin manhaja da daddare, cikin 'yan watanni ki canza layi, albashinki bai yanke ba.

Ma'aikaciyar jinya:
Yaya Injiniya, da girmamawa, shirye-shiryen nan uku da ka lissafa domin masu otizim aka fara su. Ita ADHD ta ce tana da ita. Gwajin manhaja zama ne a gaban allo ana maimaita abu ɗaya ana neman ƙaramin kuskure. Ai shi ne aikin da ake shirin korar ta a kansa yanzu.

'Yar uwa, abin da kika faɗa na yarinta ya yi daidai da ƙa'ida. Littafin da likitoci ke bi, DSM-5 na 2013, ya ce sai alamun sun bayyana kafin shekara 12, kuma a wajen baligi alamu biyar sun isa. Ba lalaci ba ne, ki cire wannan daga ranki. Amma kin tsallake abu mafi muhimmanci: likita ya ɗora ki a kan magani? Akwai methylphenidate da ire-irensa. Ba kowa yake yi wa aiki ba, kuma sai da sa idon likita, amma mutane da yawa sun ce bambancin a bayyane yake. Kafin ki yanke hukunci a kan shekara shida na rayuwarki, ki san wane kai za ki shiga da shi.

Sannan ki tambayi likitan da kike taimaka wa awa nawa yake yi yana rubuce-rubuce bayan kin tafi gida. Ke ɓangaren da ake motsi kike gani. Akwai kwas na mataimakin likitan dabbobi, ya fi gajarta, kuma yawancinsa aikin hannu ne.

Mai digiri biyu:
Ni dai ina goyon bayan Injiniya a kan abu ɗaya, kada ki faɗa. Ina da otizim. Na gaya wa shugabana saboda ina son a riƙa ba ni umarni a rubuce. Ya yi murmushi ya ce ba komai. Daga ranar aka daina kirana taro. Aikin da na fara da hannuna aka miƙa wa wani, aka ce wai ba a son a takura min. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya kore ni, an dai bar ni zaune har na tafi da kaina. Yanzu ina da digiri biyu, kuma duk inda na je ganawar neman aiki sai a ce ba na kallon mutum a ido. Me kallon ido ya haɗa da iya aiki? Ko a Birtaniya, alƙaluman hukumar ƙididdigarsu na 2021 sun nuna kusan kashi 22 cikin ɗari kawai na manya masu otizim ke da aiki. Wannan a ƙasar da ke da dokar kare masu buƙata ta musamman kenan. Ni na gaji wallahi.

Maman yara uku:
Allah sarki, Allah ya kawo maka mafita. Ni ɗana na biyu ne ke da disleksiya, haruffa suna rikice masa. Makarantarsu har yau cewa suke ni na sangarta shi. Na kai musu takardar likita, shugabar ta sa a aljihun tebur, shi kenan. Idan na karanta labarinku sai jikina ya yi sanyi, in ce haka zai girma kenan.

Amma 'yata, ki nemi labarin Temple Grandin. Tana da otizim, tun tana yarinya dabbobi ne suka ɗauke mata hankali. A 1947 aka haife ta, sai 1989 ta samu digirin digirgir a kimiyyar dabbobi, ta haura arba'in kenan. Ta zama farfesa a Jami'ar Jihar Colorado a Amurka, kuma ita ta tsara lanƙwasassun hanyoyin da ake bi da shanu don kada su firgita. Ki bi abin da zuciyarki ke so, 31 ba tsufa ba ne.

Tsohon injiniya:
Hajiya, Grandin ba likitar dabbobi ba ce, kuma ba ta bar makaranta a aji uku ba. Mutum ɗaya ake ta kawo mana misali da ita shekara da shekaru, waɗanda suka bi zuciya suka ƙare ba digiri ba aiki ba wanda ya rubuta labarinsu. Mu masu ADHD sabon abu ne ke kunna mu. Yau dabbobi, kuma da gaske take ji. Ni na taɓa jin haka a kan ɗaukar hoto, na taɓa ji a kan koyon tuƙin jirgi. Idan abin ya zama dole, da jadawali da jarrabawa, wutar takan mutu. Na san abin da nake faɗa.

Mai tambaya:
Na gode muku duka. Amma Yaya Injiniya, ba yau na fara son dabbobi ba, na faɗa tun ina ƙarama ne. Haɗa magunguna kuma ba zaɓina ba ne tun farko, shi ya sa ban iya ba. Abin da nake so ina iya zama a kansa har dare ya raba. Kwamfuta kuwa ko kyauta aka ce in koya ba na so.

Anti, likita ya rubuta min maganin amma ban fara sha ba. Ina tsoron ya canza ni, ina tsoron in saba da shi. Maganar mataimaki kuma, gaskiya ba na son in ƙare rayuwata ina riƙe wa wani dabba shi yana yanke hukunci. An daɗe ana ce min in rage buri. Kuma na riga na cike fom ɗin makarantar.

Tsohon injiniya:
To idan kin riga kin cike fom, shawarar me kike nema? Kuma har yanzu ba ki ce mana wa zai ɗauki nauyinki shekara shida ba.

Ma'aikaciyar jinya:
A yi mata a hankali, Yaya. 'Yar uwa, tsoron da kike ji ki kai wa likitan da ya rubuta, shi zai miki bayanin yadda ake farawa da kaɗan da yadda ake dainawa idan bai karɓe ki ba. Kada takardar ta zauna a jaka.

Maganar oga kuma, ni ban yarda da ɓoyewa ba tunda har an kai ga takardar gargaɗi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, a sashe na 27, ta ɗora wa ƙasashen da suka amince da ita alhakin ganin an yi wa ma'aikaci sassauci mai ma'ana a wurin aiki. Yadda ake aiwatarwa ya danganta da dokar ƙasarki, ki bincika. Amma wanda bai faɗa ba, ba shi da abin da zai riƙe ranar da aka kore shi. Abin da za ki nema ba shi da tsada: tebur a lungu, izinin sa abin toshe kunne, a ba ki aiki kashi-kashi a rubuce, wani ya duba lambobin kafin a tura.

Mai digiri biyu:
Anti, duk wannan na nema. A rubuce ma. Doka tana kan takarda, oga yana ofis.

Wani ɗalibi:
Ni na koma makaranta ina da shekara talatin da wani abu, ina aji biyu yanzu, ban gama ba balle in ce ki yi koyi da ni. Abin da ke taimaka min shi ne ba na karatu ni kaɗai. Ina zama kusa da wani yana nasa ina nawa, ko magana ba ma yi. Ina sa agogo minti 25, in tashi in zaga, in dawo. Duk da haka akwai kwas ɗin da nake maimaitawa. Za ki iya neman teburin lungun ba tare da kin ambaci sunan lalurar ba, ki ce hayaniya ce ke sa ki kuskure.

Mai tambaya:
Maganar kuɗi zan san yadda zan yi, ba ita na kawo ba. Gobe da safe ne zan ga oga. Ɗaya ya ce in faɗa, ɗaya ya ce kada in faɗa, ɗaya ya ce in faɗi rabi. Idan ya tambaye ni kai tsaye me ke damuna, me zan ce masa?

Tsohon injiniya:
Ki ce za ki gyara, ki ba shi haƙuri, ki fito. Kada ki ƙara ko kalma ɗaya.

Ma'aikaciyar jinya:
Ki tafi da takardar likitan a jakarki. Ki fara jin abin da zai ce tukuna.

Maman yara uku:
Allah ya ba ki sa'a 'yata. Anti mai jinya, don Allah shi ma disleksiya akwai magani irin wannan, ko sai dai malami na musamman?