Shin taurari ma suna tsufa su mutu?

Ɗalibi daga Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga malamai. An koya mana cewa Rana tauraruwa ce, kuma wata rana makamashinta zai ƙare. Shin hasken da ke tsinkewa daga sama da dare, mu ce tauraro ya faɗo, shi ne mutuwar tauraro? Kuma me ke sa wani ya fi wani daɗewa?

Malamin kimiyya daga Kawo:
Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da ke tsinkewa ɗin ba tauraro ba ne, 'yar tsakuwa ce da ke ƙonewa idan ta shigo cikin iskar da ta kewaye duniya.

Tauraro yana samuwa ne a cikin makeken gajimaren iska da ƙura, inda nauyi ke ta tattara iskar haidurojin wuri guda har tsakiyar ta yi zafin da ƙwayoyin haidurojin za su riƙa haɗuwa suna zama wata iska da ake kira hiliyam. Daga wannan haɗuwa hasken yake fitowa, kuma ita ce ke tokare tauraron kada nauyinsa ya rufta da shi. Zafin tsakiyar Rana ya kai digiri miliyan 15, shekarunta kimanin biliyan 4.6, kuma ana ƙiyasta saura mata kusan biliyan 5. Idan haidurojin tsakiyarta ya ƙare, za ta kumbura ta yi jajir, ta watsar da ɓawonta, ƙwallon ciki kawai ya rage, fari mai girman duniyarmu, yana hucewa sannu a hankali.

Malama daga Unguwar Rimi:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai amsar tambaya ta biyu tana ga nauyi, kuma a ganina nan ne ɗalibai suka fi ruɗewa. Mutum zai ɗauka babban tauraro ya fi daɗewa tunda ya fi makamashi, alhali saurin cinye shi yake yi, ya ƙare cikin 'yan miliyoyin shekaru. Wanda nauyinsa ya ninka na Rana kamar sau 8 ko fiye yakan ci gaba da ƙera abubuwa masu nauyi har ya kai ga baƙin ƙarfe, daga nan sai tsakiyarsa ta rufta, ya yi mummunar fashewa. A shekarar 1054 masanan taurari na ƙasar Sin sun rubuta labarin irin wannan fashewa, wadda aka yi kwana 23 ana ganin haskenta da rana tsaka.

Ɗalibi daga Tudun Wada:
Na gode, Malam da Malama. Akwai taurari masu ƙuruciya da zan iya gani da idona?

Malamin kimiyya daga Kawo:
Akwai. Ka fita bayan gari da dare a watan Disamba, ranar da ƙurar hunturu ta lafa, ka nemi Kaza da 'Ya'yanta. Shekarunsu kimanin miliyan 100 ne kacal, kuma gajimare ɗaya ya haife su.