Restaurant Week a New York: gidan abincin Maroko ya kai dala 45 kuwa?

Maman_Biyu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka daɗe a New York ko suka san abincin Maroko. Wannan rangwamen da gidajen abinci suke yi gari guda, Restaurant Week, ya kama, to maigidana ya ce in zaɓi waje ɗaya mu fita da Hajiyarsa kafin ta koma, wata biyu kenan tana wajenmu kuma tun zuwanta sanyi ya hana ta leƙa ko'ina, abin yana damuna wallahi don mace ce mai son shiga mutane. Na duba jerin gidajen, yawancinsu ba abin da Hajiya za ta iya kaiwa baki, sai na ci karo da wani na 'yan Maroko, abincin dare kala uku dala 45 kowane mutum. A na farko mutum ya zaɓi harira ko zaalouk ko briwat, a babban akwai tajin na kaza da lemon tsami da zaitun, ko tajin na rago da wani busasshen ɗan itace, ko kuskus da kayan lambu, na ƙarshe kuma lemo da kirfa ko wani abu kaab el ghzal. Ni duk a ciki kuskus kaɗai na sani. Me zan zaɓar mata, haƙoranta ba su da ƙarfi sosai? Naman halal ne tunda Musulmi ne? Sannan da gaske rangwame ne ko suna ne kawai?

Baba_Direba

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya saka da alheri da kike kula da surukarki haka. Ni abincin ban san shi sosai ba amma lissafin na sani, na kai mutane irin waɗannan wuraren ba adadi ina jin ƙorafinsu a bayan mota. Wannan 45 ɗin kuɗin abinci ne zalla, ba haraji ba tukuici ba abin sha. Ku uku 135 kenan, harajin garin nan kashi 8.875 cikin ɗari ne, kusan dala 12, tukuicin masu kawo abinci in kin ba da kashi 20 dala 27, kin ga an tashi 174 ba a sha ko shayi ba. Ki faɗa wa maigidan ya riƙe 200 a ransa sai hankali ya kwanta.

Abin ya samo asali ne a 1992 lokacin da jam'iyyar Democrat ta yi babban taronta a garin nan, aka sa abincin rana dala 19.92 don baƙi da 'yan jarida, daga nan ya zauna, yanzu sau biyu ake yi a shekara, da sanyi da kuma lokacin zafi, kuma duk da sunan mako ne yana wuce mako nesa ba kusa ba. Ranar Asabar ba ta ciki, Lahadi kuma wasu suna yi wasu ba sa yi. Ki buɗe menu ɗinsu na kullum ki haɗa kuɗin miya da tajin da kayan zaƙi ki gani, in bambancin bai kai dala 10 ba to ba wani rangwame. Maganar halal kuwa kar ki yi zato, kira za ki yi ki tambaya a ina suke sayen nama. Kasancewar mai gidan ɗan Maroko ba shi ne shaida ba.

Anti_ta_Fas

Ƙanwata kin zo gidan sauƙi, shekara huɗu na yi a Fas maigidana yana karatu, maƙociyarmu dattijuwa ce ta riƙe ni kamar 'yarta, a kicin ɗinta na koyi duk abin da zan faɗa miki.

Hajiya ki ɗaukar mata harira, kar ma ki yi shawara da kowa. Miya ce ta tumatir da adas, wani ɗan mitsitsin wake, da wannan waken mai dunƙule da Larabawa ke kira hummus, da ɗan nama ƙanana da ganye, a ƙarshe a dama fulawa da ruwa a zuba ta yi kauri, ana matsa lemon tsami a kai. Da ita suke buɗa baki da azumi, da dabino da wani soyayyen abu mai zuma da riɗi, shabakiya. A wannan sanyin ba abin da zai shiga jikin tsohuwa kamarta. Zaalouk gauta ce irin babbar baƙar nan a gasa a dafa da tumatir da tafarnuwa da man zaitun har ta narke, da burodi ake dangwala, ke ki ɗauki wannan ku raba. Briwat kamar samosa yake, ɓawonsa yana da ƙaras ƙaras, ki bar wa maigidan.

Tajin sunan tukunyar ne kafin ya zama sunan abincin. Kaskon ƙasa ne mai faɗi da murfi mai tsini kamar hula, tururi ya hau sama ya taru ya sake gangarowa cikin naman, shi ya sa ruwa kaɗan ake sawa kuma a wuta ƙasa ƙasa awa biyu ko fiye, naman da cokali ake yanka shi. To na ragon shi ne daidai haƙoran Hajiya amma akwai magana, yana da zaƙi. Ɗan itacen nan barƙuƙ suke ce masa, baƙi ne mai laushi, ana dafa shi da kirfa da suga ko zuma a ɗora a kan naman a watsa soyayyen almon da riɗi. A wajensu abincin biki ne da karrama baƙo, amma ni ranar da aka fara ajiye min shi na daɗe ina kallonsa, bakin da bai saba nama da zaƙi ba sai a hankali. Ki tambaye ta tukun. Na kazar ba zaƙi, citta ce da kurkum da za'afaran da albasa mai yawa da ta narke ta zama romo mai kauri, sai dai lemon tsamin ba ɗanye ba ne, a gishiri ake jiƙa shi wata guda ko fiye har ɓawon ya yi laushi, ga zaitun shi ma gishiri, in tana da hawan jini ki lura da wannan.

Kar ki jira shinkafa, da burodi ake cin tajin, da hannu, kowa ya ci gabansa. Kuma abincinsu ƙamshi ne da shi ba yaji ba, in kuna son zafi ku ce a kawo harissa, niƙaƙƙen barkono ce, ita ma asalinta ta 'yan Tunisiya ce. Haɗin kayan ƙamshinsu ras el hanut, wato kan shago, mafi kyawun abin da mai shagon yake da shi, kowane mai shago da irin haɗinsa. In da bastila a menu na kullum ku ƙara kuɗi ku sayi guda ɗaya ku raba, a Fas da 'yan shila ake yi yanzu yawanci kaza ce, da ƙwai da almon a naɗe cikin warƙa mai sirantaka kamar takarda a barbaɗa suga da kirfa. Har yau in na tuna ƙamshinta sai maƙociyar nan ta faɗo min a rai, Allah ya jiƙanta.

Ɗan_Kicin

Baba da girmamawa, lissafinka daidai ne amma ni ina ganin in akwai abincin da ya dace da wannan rangwamen to na Maroko ne, kuma zan faɗi dalili. Shekara shida ina aiki a bayan kicin a garin nan, ba na 'yan Maroko ba amma aikin duk ɗaya ne. In wannan lokacin ya zo mai gida yana zama ne ya duba me zai fitar ɗari biyu a dare ba tare da ya faɗi ba. Gidan da abincinsu gasasshen nama ne ko kifi mai tsada dole su rage girman yanka ko su sauya da mai araha, ga wuta ta cika ana sauri, wani ya ƙone wani bai nuna ba. Shi kuwa tajin da harira tun safe ake ɗora su a babbar tukunya, naman ma kafaɗa ce ko ƙauri wanda dama ba shi da tsada kuma daɗewa a wuta ke gyara shi, ko mutum goma suka zo ko ɗari uku abu ɗaya za a zuba musu. Gaskiya ɗaya dai, da wuya a dafa naku a cikin kaskon ƙasar tun daga farko, zubawa ake yi a ciki a sa a oven ya tafasa a kawo, kuma wannan ba ha'inci ba ne, ba yadda za a yi kowane tebur ya jira awa biyu.

Inda ake yin ha'incin kuskus ne. Na gaske a madambaci ake turara shi a kan romon, sau biyu ko uku, kowane sauƙewa a juye a faranti a yayyafa ruwa a murza da mai da hannu, aiki ne na mutum guda cur. Na sauri kuwa tafasasshen ruwa ake zuba masa a rufe minti biyar. In aka kawo kika ga ya tashi wasar wasar yana da laushi ba nauyi to an turara, in ya dunƙule ko yana da tsakiya mai tauri to na kwali ne. Anti Maman Biyu da ni ne ke ba zan ɗauki kuskus a daren cunkoso ba.

Ki kama tebur ta manhajar Resy ko OpenTable ko ta kiran waya, Talata ko Laraba, ƙarfe biyar da rabi ko shida kafin a cika, don in dare ya yi za su riƙa ɗauke faranti kuna ci saboda masu jira, tsohuwa ba za ta ji daɗin haka ba. In kun zauna ba a kawo menu na rangwamen ba ki tambaya, wasu ba sa miƙawa sai an nema. Sannan dan Allah kar a rage tukuicin, inda na taɓa aiki wannan lokacin yaran suna gudu ninki biyu su tashi da kuɗi ƙasa da na kullum, na ga wata ta zauna a kan bokiti bayan an tashi tana kuka don ƙafarta ta kumbura.

Ummu_Sadik

Ni dai abin da ba a taɓo ba, yawancin irin waɗannan gidajen na Manhattan suna sayar da giya, wasu ma har da masu rawa a ƙarshen mako. Ki tambaya tun a waya kar ki kai dattijuwa ta ga abin da zai ɓata mata rai. In haka ne gara ku hau jirgin ƙasa zuwa unguwar Astoria, a titin Steinway akwai ƙananan wuraren 'yan Masar da 'yan Maroko, ba ruwansu da wani Restaurant Week kuma ba lallai kuɗin ya kai haka ba.

Anti_ta_Fas

Maganar Ummu Sadik abin dubawa ce. Ɗan Kicin kuma ka yi gaskiya a kan kuskus, a can ma ba abincin kullum ba ne, na Juma'a ne bayan an sauko masallaci, gida duka a faranti ɗaya, da kayan lambu kala bakwai ko da tfaya, albasa da zabibi da aka dafa har suka yi zaƙi. A 2020 ma UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin kayan gadon duniya da sunan Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Muritaniya tare. Na manta ban ce komai kan na ƙarshen ba, kaab el ghzal ɗan lanƙwasasshen abu ne kamar jinjirin wata, cikinsa niƙaƙƙen almon da ruwan furen lemo, da shayi yake tafiya. Shayin kuwa ko ba ya cikin 45 ɗin ku saya, koren shayi ne da na'a-na'a ɗanya, daga sama ake tsiyayo shi har ya yi kumfa, ki ce a rage suga don hannunsu yana da nauyi.

Maman_Biyu

Na dawo da labari, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kira kamar yadda Baba da Ummu Sadik suka ce, matar da ta ɗauka ta ce kaza da rago daga mahaucin halal suke saye, giya akwai amma a can gefe take, na roƙa a ba mu tebur nesa da wajen kuma suka yi. Ranar Talata muka je ƙarfe shida saura. Hajiya ta shanye harira tas har ta sa burodi ta share kwanon, da na ce mata na ragon da zaƙi sai ta ce a kawo kazar, amma da aka ɗaga murfin na maigidan tururi ya tashi da ƙamshin kirfa ta ce a ɗan sam mata, ƙarshe dai musanya suka yi, barƙuƙ ɗin kawai ta ture gefe. Ni na ƙi jin maganar Ɗan Kicin na ɗauki kuskus don shi na sani, kuma ya zo a dunƙule kamar yadda ka faɗa, rabi na ci aka ƙunsa min sauran. Bastila babu a ranar. Da shayi buta ɗaya da haraji da tukuici 188 muka biya, na haɗa da farashin kullum kusan dala 12 kowane mutum ya ragu. Yaron da ya kawo shayin da ya ji Hajiya ta yi bismillah sai ya ce mata bismillah ya hajja, ya ɗaga butar sama sosai yana zubawa tana ta dariya tana cewa a hankali ɗan nan kar ka ƙone. Anti ta Fas dan Allah ki rubuto min yadda ake harira dalla dalla, musamman wajen damun fulawar, tun a mota Hajiya take cewa in koya kafin azumi.