Zazzaɓi da ciwon jiki sati uku, wai na gado ne

Baban Hanan:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu ilimin lafiya ku taimaka min. A Alkahira nake zaune, matata Bamisriya ce, ƙaninta ɗan shekara 14 yana da ciwon nan FMF, zazzaɓin gado na mutanen yankin Bahar Rum. Da in ya tashi kwana biyu ko uku ne, ciwon ciki da zazzaɓi, sai ya sake shi. To wannan karon yau sati uku kenan, cinyoyinsa da sha-raɓarsa ko taɓawa baka isa kayi ba, banɗaki ma sai an ɗauke shi, kuma yana shan colchicine ɗinsa bai taɓa fashi ba. Me ya tayar da shi haka? Wlh surukata ko barci bata yi.

Dr Zazzau:
Wa alaikumus salam, Allah ya bashi lafiya. Ban ganshi ba, amma bayaninka yayi kama da wani reshe na FMF, reshen da aka fara bayyanawa a 1994, wato dogon zazzaɓi da ciwon tsoka. Asalin matsalar ƙwayar halitta ce mai suna MEFV, ita ke samar da sinadarin pyrin, in ta samu tangarɗa sai garkuwar jiki ta dinga kunna kumburi ba tare da wani dalili ba. A wannan reshen ana ganin ƙananan jijiyoyin jinin cikin tsoka ne suke kumbura, kuma an fi samunsa ga masu nau'in tangarɗar MEFV da ake kira M694V. Abin da ke ruɗa mutane, gwajin CK na tsoka sai ya fito lafiya lau alhali ESR da CRP, gwaje-gwajen jini masu nuna kumburi, sun hau sama sosai. Colchicine baya kwantar da shi, prednisolone, maganin kwantar da kumburi, shi ne ke aiki, sau da yawa cikin 'yan kwanaki, in an barshi kuwa zai iya kai sati shida. Ku koma wajen likitansa gobe gobe, kuma kar a tsayar da colchicine, shi ke kare ƙoda. Tambaya, yayi ciwon maƙogwaro kafin nan?

Baban Hanan:
Ikon Allah! Likita, yayi fa, kamar kwana goma kafin ya kwanta. To 'yata Hanan fa, itama zata iya gada?

Dr Zazzau:
Ku faɗa wa likitocinsa wannan, ƙwayar cutar streptococcus mai kawo ciwon maƙogwaro na cikin abubuwan da ake zargi da tayar da shi, zasu yi gwajin jini na ASO don ganin ko ya kamu da ita. Batun Hanan, kusan kamar sikila ne, galibi sai an gado daga uwa da uba, kuma a Hausawa ba a cika samunsa ba. Amma akwai masu kwafi ɗaya, wato waɗanda suka gado daga ɓangare ɗaya kawai, da ke nuna alamu, in tana yawan zazzaɓi mai dawowa ba maleriya ba a duba ta.

Maman Affan:
Mu a Konya maƙwabciyata Baturkiya tana da FMF, ita sanyi ne ke tayar mata, da gajiya, da ɓacin rai, da lokacin al'ada. Littafi gareta tana rubuta ranar da duk ya tashi da abin da tayi kafin nan, kuce surukarka ta fara yi masa haka daga yau.