Dan Allah me zan ɗauka, me zan bari?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema kaina ya kulle. Abokin maigidana ya gina wani ɗan ƙaramin gida na katako a gonarsa can Mambila ta jihar Taraba, wajen garin Nguroje, ɗaki ɗaya da ɗan kicin da banɗaki, babu NEPA babu famfo sai sola a saman rufi, ya ce mu je mu huta. To ni tun da aka yi aurenmu ban san ko'ina ba daga gidanmu sai gidan surukai, ko lokacin da muka shirya zuwa Yankari Hajiyar maigidana ce ta kwanta aka fasa, kuɗin kuma ya tafi bikin ƙanwarsa wadda har yau gaisuwar kirki ba ta haɗa mu, shi ya sa na ɗauki tafiyar nan da zafi. Na haɗa akwati biyu da Ghana-must-go, maigidan kuma ya ce jaka ɗaya-ɗaya ko a fasa.

Hajiya Babba: Wa alaikumussalam. 'Yata zazzage akwatunan nan kaf. Mambila ba Kano ba ce, tudu ne mai tsayin kusan mita 1,600, sanyin asuba sai ya hana ki taɓa ruwan alwala. Bargo mai kauri, rigar sanyi, safa, man shafawa. Abinci wanda ba ya neman firij: dambun nama, kilishi, garin kunu, yaji, ƙuli-ƙuli, taliya. Ƙaramar tukunyar gas, tocila mai caji, fawa bank, da tsabar kuɗi dan POS ba ya aiki in ba netwok. Ganyen shayi kar ki wahala, a Kakara can Mambila ake noma shi.

Ummu Sadiq: Wane wata za ku? Da yara ko ku biyu? In damina ce ki nemi takalmin roba, ruwa can ba wasa.

Maman Hanif: Hajiya na gode amma atamfofin dinkin sallah ne ban sa ba, hoto nake so mu yi. Kuma bilenda da ayan ɗin guga ba su da wani nauyi fa.

Hajiya Babba: Ayan?? Ayan kaɗai wat 1,000 yake ja ko fiye, ki jona shi ki kashe batirin ku kwana a duhu. Solar irin gidan nan ta ƙwan fitila ce da cajin waya. Ki yi gugarki a gida ki ninke, kayan miya ki markaɗa ki soya ki zuba a roba.

Anti Larai: Ni dai ban yarda da ɗaukar gas a but ɗin mota ba, daga Jalingo zuwa Bali zuwa Serti rana ce zalla, ga hawan dutsen Mayo Selbe mota na ta gwaruwa. Ku sayi gawayi a can, ya yi girki ya ɗumama ɗaki.

Hajiya Babba: Larai kar ki kashe 'yar mutane. Gawayi a rufaffen ɗaki iskar da yake fitarwa ba ta da wari, barci mutum zai yi ya zarce. Gidan ma na katako.

Anti Larai: To mu da shi muka tashi a ƙauye ga mu nan da ranmu Hajiya.

Amaryar Malam: Hmm ku dai kun ji daɗi wlh. Ni ko madatsar Tiga ba a taɓa kai ni ba, kullum sai an samu sarari, amma in daurin auren abokinsa ne har Maiduguri yana hanya.

Ummu Sadiq: Allah ya kawo lokacin. Maman Hanif ruwan sha fa, rijiya ce ko rafi? Kin tambaya?

Maman Hanif: Ban tambaya ba, ai shi ya san wannan. Bilenda dai ƙarama ce, Hanif ba ya shan kunu sai da markaɗaɗɗiyar ayaba.

Hajiya Babba: Au da yaron ma za ku? Shekararsa nawa? To ki ƙara gidan sauro da maganin zazzaɓi, ruwa kuma ki tafasa.

Anti Larai: Wane sauro a wannan sanyin?

Maman Hanif: Na cire atamfa biyu. Yanzu kuma wai motar ce ta fara ƙara, ya kai ta wajen bakanike.