Amya ɗaya ta addabi gida da makwabta, ina mafita?

Mai Amya Uku:
Assalamu alaikum jama'a. Amya uku ce a bayan gida, duk irin ta Kenya mai sanduna. Biyu lafiya lau, ta ukun kuwa ko taɓa ta ba a yi ba, mutum na giftawa sai ƙudan zuman su taso masa, su raka shi har ƙofar ɗaki. Sun harbi akuyar makwabci da ke ɗaure. Da ba haka take ba. Me ke jawo wannan, kuma me ake yi kafin magana ta kai gaban mai unguwa?

Baban Khalifa:
Wa'alaikumus salam. Malam, tunda ka ce da ba haka take ba, to akwai abin da ke tsokanarta. Fara da ƙafafun abin da ka ɗora ta. Tururuwa da kwarkwasa da ƙadangare masu tsintar su a bakin ƙofa suna hana su sakewa dare da rana. Sa kowace ƙafa cikin gwangwanin baƙin mai, ka nome ciyawar da ke taɓa jikin amyar. Sai girgiza: janareta ko injin niƙa a kusa ya isa ya haukata su.

Idan kuma fure ya yi ƙaranci, ƙudan amyoyi suna kai wa juna satar zuma, masu gadi su yi yawa. Za ka ga kokawa a ƙofa da gawarwaki a ƙasa. Toshe ramukan shiga ka bar biyu. Ka ajiye musu ruwa a kasko da tsakuwa ciki, don su daina zuwa randar makwabta. Dabba kuwa kada a sake ɗaure ta kusa, wadda ba ta iya gudu ita suke kashewa.

Hajiya Mai Zuma:
Duk gaskiya ne, amma sai an leƙa ciki. Amyar da ta rasa sarauniya faɗa take yi. Buɗe da yamma liƙis, gab da magariba, don duhu ya mayar da su gida kafin su bi mutane. Hura hayaki sau uku ko huɗu a ƙofa, ka jira minti 2. Hayakin ya zama fari mai sanyi, na busasshen kashin shanu ko totuwar masara. Mai zafi ƙara tunzura su yake. Fara ɗaga sanduna daga bayan amya, inda babu saƙa, a hankali, ba bugu.

Abin nema ƙwai ne, farare sirara a gindin ramukan saƙa. Kwana 3 ƙwai ke yi kafin ya ƙyanƙyashe, saboda haka in ka gan shi, galibi sarauniya na nan ko ba ka gan ta ba.

Ka wanke rigar aikin da safar hannu. Inda suka yi harbi suna barin wani wari kamar na ayaba, shi ke kiran sauran. Ban da turare, ban da baƙaƙen kaya. In an harbe ka, kankare ƙarin nan take ka hura hayaki a wurin. Wanda fuskarsa ta kumbura ko numfashi ya yi masa wuya, asibiti kai tsaye, ba jiƙe-jiƙe.

Baban Khalifa:
Hajiya, in ƙwai na nan, babu tururuwa, babu sata, to halin sarauniyar ne. Wataƙila sun canza ta, sabuwar ta yi barbara da mazan ƙudan zuman daji. Sai a sauya ta. Dabarar kama ta: ɗauke amyar ka matsar da ita kamar mita 10, ka ajiye akwati fanko a gurbinta. Manyan masu fita kiwo, su ne masu harbin, za su koma tsohon wuri, a bar ka da ƙanana. Cire sarauniyar ka kashe, ka mayar da amyar. Bayan kwana 8 ka fasa duk ɗakunan renon sabuwar sarauniya da suka gina, ko ɗaya ka bari jininta ne zai dawo. Sannan ka ba su saƙa mai ƙwai daga amyarka mai sanyin hali, su yi sabuwa da shi. A yi wannan lokacin da ake ganin maza a amya, in ba haka ba ba za ta sami barbara ba.

Kada ka sa ran sauyi washegari. Tsofaffin ma'aikatan sai sun ƙare, wajen mako 6 zuwa 8.

Hajiya Mai Zuma:
Wata biyu a tsakiyar unguwa, da yara na wasa, ya yi yawa Alhaji. Kuma sabuwar da mazan wurin za ta haɗu, ba tabbas. Ni shawarata a fitar da ita gona tukuna, a yi gyaran can. Da dare, bayan duk sun shiga, toshe ƙofa da raga don iska, ɗaure murfi da igiyar roba, a ɗauke ta a miƙe saboda saƙar amyar Kenya saurin karyewa gare ta. Tocila a rufe ta da jan leda, ba sa ganin ja sosai. Nisan ya wuce kilomita 5, ƙasa da haka komawa tsohon wuri za su yi, su tarar babu gida, su huce a kan makwabta. Biyun da suka rage a kewaye su da zana mai tsawon mita 2, ƙofofinsu na kallon katanga, don su tashi sama da kan mutane.