Shawara nake nema: in buɗe shago na biyu ko in tsaya a ɗaya?

Tela Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sana'a ku bani shawara. Ina da shagon ɗinkin maza nan cikin Katsina, keke biyar da yara shidda, biyu sun iya yanka sauran haɗi da guga. Alhamdulillah aiki na zuwa, azumin da ya wuce tun kafin goma ga wata na rufe amsar ɗinki har wasu suka yi fushi dani. Yanzu an yi mani tayin shago a Daura, yayana na ta matsa mani wai in ban faɗaɗa ba haka zan ƙare da keke biyar, ni kuma ɗan abin da na tara da niyyar sayen injin monogram, mai yin adon wuyan riga da kwamfuta, na tara shi dan har yanzu waje nake kai aikin wuya. Wai ta ina mutum ke gane sana'arshi ta kai girman da ya dace da ita?

Baba Na Babbar Kasuwa:
Wa alaikumussalam. Ɗana kada ka auna shagonka da watan azumi, kowane tela sarki ne a azumi. Ka auna shi da bayan babbar sallah da tsakiyar damina lokacin da kuɗin mutane ya tafi ga taki, a lokacin keke biyar ɗin nan duka suna juyawa? In biyu na kwance an rufa masu ƙyalle tau ba shago kake buƙata ba, aiki kake buƙata. Kuma ɗinki ba sayar da sikari bane, wanda ya kawo maka shadda mai tsada hannunka ya biyo da yadda kake fidda wuya da aljihu. Daura tafiyar sama da awa guda ce, ran da yaro ya ɓata yankan gezna kana Katsina sunan wa zai ɓaci? Na ga maƙwabcina a kasuwa, shago ɗaya yana zaune lafiya, ya buɗe uku, bashi ya yi ta fita ba rubutu, ribar na farkon ta koma ciyar da sauran. Ba a taunar taura biyu.

Ɗalibi UMYU:
Abin da Baba ya faɗa akwai shi a karatun tattalin arziki. Wani masani ɗan Ingila Ronald Coase tun 1937 ya yi bayanin cewa kamfani na girma ne har zuwa inda wahala da kuɗin yin abu a cikin gida suka kamo kuɗin bada shi waje, daga nan ƙarin girma asara ne. Tau yayana ka ɗauki biro, nawa kake biya aikin monogram a shekara gaba ɗaya harda kuɗin napep da jiran layi? Sai ka haɗa kuɗin injin da mai ko sola da gyara da albashin mai zane a kwamfuta, dan tun da aka cire tallafin mai a 2023 janareta ya zama abin lissafi. In injin zai samu aikin wasu teloli ya rufe kanshi saye shi, shi kuɗin haya ɗaya ne kuma yana gaban idonka. A ma'aunin SMEDAN ma, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, duk mai ma'aikata ƙasa da 10 a cikin ƙananan sana'o'i sosai yake, akwai sauran fili sosai cikin shagon naka.

Maman Khairat:
Ni fa ban yarda a tsorata shi ba. Zama ƙarami shima yana da tsadarshi, mai keke biyar ba zai iya amsar yunifom ɗin makaranta guda ba, kuma zare da sitif a tsinke yake saye da tsada maimakon sari daga Kwari. Ni ɗinkin mata nake a gida, abin da ya ɗaga ni wlh ba sabon shago bane, rijista nayi da CAC, hukumar rijistar kamfanoni, na buɗe akawun da sunan sana'a na daina haɗa kuɗin cefane da na kwastoma, sai a lokacin na san ribata ta gaskiya kuma makarantu suka fara saurarata. Malam in kana son Daura kabi hanyar da iyayenmu ke bi, ka yaye babban yaronka ka bashi keke biyu ya zauna can ku yi yarjejeniyar raba riba a rubuce gaban shaidu. Wanda ya san yana da kaso ba ya barin shago ya tafi kallon ƙwallo, kuma dama in baka yaye shi ba wata rana da kanshi zai tafi harda kwastomominka.

Tela Ƙofar Ƙaura:
Nagode ƙwarai Allah ya saka da alkhairi. Baba gaskiya da damina keke uku ne ke aiki. Zan zauna in ida lissafin monogram ɗin tukun. Hajiya ita rabon ribar ya kuke yi, bayan an cire haya da kuɗin mai ake rabawa ko kafin nan?