Maigidana ya ce ko aikin asibiti ko shi, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana. Ni ungozoma ce a wani asibitin gwamnati a Kano, shekarata shida a aiki. Ina aji biyu a makarantar ungozoma Babanmu ya rasu, Innarmu ce ta sayar da filin gadonta da tumakinta biyu na ƙarasa karatun, yanzu kuma ni ke biyan kuɗin makarantar ƙannena biyu da maganin hawan jininta. Kafin ɗaurin aure, a gaban Kawuna maigidan ya ce zan ci gaba da aiki, sai dai ba a rubuta ba. Shekara uku ke nan, ɗanmu ɗaya. Tun abin da ya faru da ƙaramar salla ya canza. Ya ce aikin dare ne ba ya so, ya ba ni zuwa ƙarshen wata. Wallahi ko barci ba na yi.

Maman Hanif: Baiwar Allah, me ya faru da sallar? Ai nan maganar take.

Hajiya Babba: 'Yata, kada ki kuskura ki ajiye. Mazan da ke hana matansu aiki su ne in matar tana naƙuda suke tsayawa a ƙofar ɗakin haihuwa suna cewa sai mace za ta duba ta. Daga ina macen za ta fito? Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa ƙungiyar mata ta 'Yan Taru, tana tura jajinta, wato malamanta mata, ƙauye-ƙauye suna karantar da mata, kuma da aurenta da Waziri Giɗaɗo. Ki tara manya yau.

Abu Sadiƙ: 'Yar'uwa, fitar mace da izinin miji ne, wannan ba a jayayya. Amma alkawari kaya ne. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa sharuɗɗan da suka fi cancanta a cika su ne na aure. Kawunki shaida ne, ki je masa cikin ladabi.

Ummu Aisha: Ni na ajiye koyarwa saboda zaman lafiya. Shekara biyu ya ƙaro aure. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ko kuɗin sabulu sai na roƙa, jiya ma yarinyata aka koro kan kuɗin jarrabawa. Kishiyar kuwa tana da shago, ba wanda ya ce mata uffan.

Maman Ikram: Ku ji tsoron Allah, wannan aƙidar 'yan feminis ce ke kashe aure. Albashi ba zai rufa miki asiri ba in kin koma gida da goyo. Ki yi haƙuri ki kama sana'a a ɗaki.

Hajiya Babba: Maman Ikram, ƙuri'ar da kike jefawa fa? Matan Arewa ba su sami 'yancin zaɓe ba sai 1976, bayan su Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kansa. Ita ma an kira ta da sunaye. Kuma wa zai saya wa Innarta magani, ke?

Maman Hanif: Ki roƙi shugabarku ta mayar da ke ɓangaren awon ciki, aikin safe ne kawai.

Mai tambaya: Na gode. Amma ku daina ɗaukarsa mugu, bai taɓa taɓa albashina ba, shi ke kai ni aiki a kan babur. Awon ciki ba zai yiwu ba, mu huɗu ne kawai muke karɓa-karɓa a ɗakin haihuwa, in na zame wa zan bar wa? Kawu kuma ba zan je masa ba, ya faɗa wa Inna jininta ya hau. Maganar salla sirrin gida ce, ta shafi mahaifiyarsa.

Hajiya Babba: To ai ga ta nan. Ba shi ne ke magana ba, Hajiyarsa ce. Can za ki durƙusa.

Mai tambaya: Ba haka ba ne, Hajiya. Ba ku gane ba. Saura kwana tara, kuma gobe ma aikin dare ne da ni.